Ranar da Malam Rami Ya Ƙoshi

Jiya da dare wani mafarki na yi, kuma tun da na farka nake murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Bari in fara da abin da na kwana da shi a rai. Sunana Nafi'u, likitan dabbobi ne ni, shekarata biyu da gama karatu. A filin sukuwar garinmu akwai wani rami a kwanar ƙarshe, daidai inda dawaki ke sakin jiki su nufi layin gamawa. Ruwan damina ne ya ƙwaƙule shi shekara bakwai da suka wuce. Bara ya karya ƙafar wani doki a kan idona, ni ne kuma na yi masa allurar da bai sake tashi ba. Wasiƙa tara na rubuta wa kwamitin sukuwa. Shugaban kwamitin kawuna ne, Kawu Barau, wan mahaifiyata, amsarsa kuwa ɗaya ce kullum: "Haka muka tarar." Alhali ba haka suka tarar ba, suna zaune aka haifi ramin nan! Ranar Asabar za a yi babbar sukuwa, ɗansa Lurwanu, taubashina, yana cikin mahaya. Yau Alhamis kwamiti zai zauna, ni kuma na shirya jawabi mai shafi shida da na yi niyyar karanta musu da muryar da za a jiyo daga kasuwa. Da jawabin a ƙirjina barci ya ɗauke ni.

Sai na gan ni a ƙofar wani filin sukuwa da hantsi. Rana biyu ce a sama, ɗaya tana aiki, ɗaya tana hutawa. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, don haka kowa ya ɗaure bakin wandonsa da igiya. Ni ma na sunkuya na ɗaure nawa.

A bakin ƙofar akwai tebur, a bayansa wani bunsuru sanye da tabarau, shi ne akawu. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya buga mata hatimi, ya karanta, ya cinye.

"Suna?" in ji shi.

"Nafi'u."

"An yi amfani da shi da safe, amma ba komai, bai ƙare ba. Me za ka sa?"

"Ni ba na caca," na ce.

"Mu ma ba ma yi. Caca da kuɗi ake yin ta, kuɗinmu kuwa sun yi ƙaura tare da shamuwa. Sai dai ba a shiga filin nan hannu rabbana. Kowa yana ajiye abin da ya fi nauyi a jikinsa, ya ɗora shi a kan doki ɗaya. Hau sikeli."

Na ɗora takardar shaidar karatuna a kan sikelin. Ta tashi sama ta bi yayyafi. Na ɗora agogona, allura ba ta motsa ba. Na ɗora jawabina mai shafi shida, ta ɗan girgiza kamar mai jin kunya. Raina ya ɓaci, na daka tsawa: "Wai wannan wane irin shiririta ne?"

Allurar ta zagaya sau uku ta tsinke.

"Murya," in ji akawu, yana lasar hatimi. "Ita za ka sa. In dokinka ya zo na ɗaya, a mayar maka da ita, a haɗa maka da abin da wani ya sa. In bai zo ba, ka farka babu ita. Je ka duba dawaki ka dawo."

Na tuna zaman Alhamis da jawabin da zan karanta. Amma na shiga.

Allon zaɓi a jikin wani raƙumi aka rubuta shi da alli, raƙumin kuwa ba ya tsayawa, sai ka bi shi kana karantawa. Kana iya sawa a kan dokin da zai zo na ɗaya. Kana iya sawa a kan na ƙarshe. Kana iya sawa a kan wanda zai dawo da mahayin wani, ko wanda zai tsaya gaisawa a hanya. A can wajen wutsiya, inda mutane suka fi cinkoso, an rubuta: "Wanda Malam Rami zai karɓa bana." Wani tela ya sa atishawarsa a nan. Wata mai fura ta sa ranar Talatarta. Suna ta raha.

"Ashe har nan akwai ramin?" na tambayi telan.

"Malam Rami," ya gyara mini. "Ka riƙa sa masa Malam. Ya girme ka a kwamiti."

Sai ga ni a barga.

Dawaki huɗu ne za su yi gudu, duka na asali, irin waɗanda ake saukewa daga jirgi kowanne da takardar kakanninsa. Suna zaune a kan tabarmi suna shan kunun kanwa. Kawu Barau yana tsakiyarsu a kan wata kujera mai tafiya da kanta, ya sha babbar riga.

"Kai yaro, har nan ka biyo ni?" ya ce.

"Kawu, barci nake yi."

"To yi a hankali, kada ka tashi mutane."

Doki na farko akawal ne, baƙi wuluk, yana sheƙi, sunansa Gadon Gida. Takardar asalinsa mutum biyu ke naɗe ta kamar darduma. Kawu ya ce sau goma sha ɗaya yana cin sukuwa.

"Minti nawa yake zagaye fili?" na ce.

"Wane fili? Shi ba ya barin turke. Kakansa ya riga ya yi gudun. Layin gamawa ake ɗaukowa a kawo masa, ya sa hanci."

Na buɗe bakinsa. Haƙoran sun yi tsawo sun karkace, shekara ashirin da shida ba ƙari. Tumbinsa yana jan ƙasa. Na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, maimakon bugun zuciya sai na ji kalangu. Wani makaɗi ne zaune a ciki yana yi masa kirari.

"Ni a kansa na sa," in ji Kawu, ya nuna mini wata tsohuwar gora a rataye a jikin turke, an toshe bakinta da totuwa. "Maganata ce a ciki, wadda na fi so. Ban taɓa faɗuwa ba."

Na biyu kili ne, fari tas, sunansa Sai Gobe. Wallahi na daɗe ban ga doki kamarsa ba. Ƙirji mai faɗi, ƙafa doguwa, jijiya a miƙe, ido a buɗe. Har na fara jin daɗi.

"Yaushe ka yi gudu na ƙarshe?" na tambaye shi.

"Gobe," ya ce, ya ƙara kunu.

Na uku danda ne, sunansa Ƙaramin Kwamiti. Kowace ƙafa tasa tana da hularta. Kafin ya yi taku ɗaya sai ƙafafun huɗu sun zauna sun amince. Na ce ya ɗaga kofato in gani. Ƙafar dama ta gaba ta kawo shawarar a ɗaga, ta hagu ta goyi baya, ta dama ta baya ta nemi a karanta bayanin zaman da ya wuce. Ta hagu ta baya ba ta zo ba, ta aiko da uzuri.

Ta huɗu ba ta kan tabarma. Tana can bayan barga tana tsaye, goɗiya bidi, ba tsoka mai yawa, da tabon igiya a kafaɗa. Lurwanu yana goge mata geza.

"A'a, bawana!" ya ce da ya gan ni. "Ɗan mace, ka zo riƙe mini likkafa?"

"Na zo in ga wace baiwar Allah aka ɗora wa buhun gero."

"Buhun gero da ya fi ka mata a gari. Duba ta, likitan kaji. Sunanta Sammako."

Ya ce akawu ne ya adana takardar asalinta a cikinsa tun ranar da ta sauka, to da aka rasa takarda sai aka ce ba ta da kaka, aka sa ta jan amalanken ruwa shekara uku. Na duba haƙora, shekara shida. Na ɗaga kofato, tauri kamar dutsen niƙa. Na bi jijiyoyin ƙafa da yatsa, ba kumburi, ba zafi. Hancinta kuwa kamar bakin tulu. Da na saurari ƙirjinta na ji bugu a natse, mai nauyi, kamar daka a gidan suna. Na yi dariya da ƙarfi. Wanda ya san doki ya san wannan daɗin.

"Likita," in ji Sammako, "gudu ba ya damuna. Kwanar ƙarshe ce. Ka ga waɗancan ukun? Ba wanda ya taɓa isa wurin a cikinsu, shi ya sa suke ƙiba. Mai gudu kaɗai Malam Rami ke karɓa."

"Ki bar ni da su," na ce. "Yau kwamiti zai ji abin da bai taɓa ji ba."

Na koma wurin akawu a guje. "Sammako, ta ɗaya!" na ce. Ya miƙo wata sabuwar gora ya ce in yi tari a ciki. Na yi. Ya toshe ta da totuwa, ya rataye. Na juya zan fara jawabi, na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Sai a lokacin na gane wautar da na yi: abin da zan yi yaƙin da shi, shi na bayar ajiya.

"Kowa haka yake yi," in ji akawu, ya cinye rasit ɗina.

Sai ga mu a kwanar ƙarshe, an jeru ana gaisuwa.

Malam Rami yana nan inda na san shi, sai dai ya ƙara faɗi. An naɗa masa rawani a kewayen baki, an kafa masa lema. Kowa ya zo sai ya tuɓe takalmi. Kawu ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Yunwa," in ji Malam Rami, da wata murya mai zurfi.

Kawu ya juyo ga jama'a. "Ya ce yana godiya."

"Madalla!" in ji jama'a.

Na leƙa ciki. A can ƙasa na hango wasiƙuna tara, an jera su da kyau, kowace da hatimin akawu. Ashe duk ƙarar da aka kawo a kan Malam Rami, shi ake miƙa wa ya duba.

"Kai ne mai wasiƙun?" ya ce mini a hankali. "Rubutunka yana da kyau. Ta bakwai har ta sa ni kuka. Amma ɗana, takarda ba ta riƙe ciki. Shekara bakwai bakina a buɗe, sai gaisuwa ake zuba mini. Ni ba na son ƙafar doki, ƙashi ne zalla."

Kafin in yi wani tunani, wani kunkuru ya hura usur. An fara.

Gadon Gida ya gyara zama a turke, wasu ƙarti huɗu suka ciccibi layin gamawa suka nufi barga da shi, suna tafiya suna hutawa, don layin ya tsufa ya yi nauyi. Sai Gobe ya ɗaga wa jama'a kofato. Ƙaramin Kwamiti ya buɗe zama da addu'a. Sammako kuwa ta fita kamar an harba kibiya, Lurwanu ya kwanta a wuyanta yana ihu.

Zagayen filin nan yana da tsawo. Ya ratsa ta kasuwar hatsi, ya bi ta bayan makarantarmu ta firamare, ya shiga ranar Laraba ya fito, sannan ya dawo kwanar ƙarshe. Ina hango ƙurarta tana ratsa kasuwa. Na ruga gaban kwamiti, na nuna ramin, na nuna goɗiyar, na nuna wuyana, na buga ƙafa, na yi tsalle. Suka ɗauka rawa nake yi. Suka tafa. Wani ya manna mini ganyen mangwaro a goshi.

Sammako ta wuce firamare.

Ina haki, na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan wani abu a rataye a saman rumfar kwamiti, an ɗaura masa jan ƙyalle. Shebur ne. Sabo fil, yana cikin ledarsa. A jikinsa an rubuta cewa kyauta ce aka ba kwamiti shekara bakwai da suka wuce, saboda haƙuri. Na hau kujerar Kawu, ta yi tafiya da ni har ƙarƙashinsa, na fizgo shi, na yage ledar da haƙori.

Akwai tudun jar ƙasa a gefen fili. Na kafa shebur, na ciko, na watsa a bakin Malam Rami.



"Ahhh," in ji Malam Rami. "Jar ƙasa. Ƙara."

Na ƙara. Na ƙara. Mai furar nan da ta sa Talatarta ta tsaya tana kallona, sai ta juye furarta a kwano ta ba wani, ta ciko ƙwaryar da yashi. "Matsa, ɗan nan, kai kaɗai sai azahar," ta ce. Tela ya cire hularsa ya ciko ta da tsakuwa. Makaɗin da ke cikin ƙirjin Gadon Gida ya leƙo ta baki, ya ga abin da ake yi, ya diro da kalangunsa ya juya kiɗa zuwa na gayya. To, kun san kiɗan gayya, ba ya barin ƙafa a zaune. Maza suka tuɓe riguna. Mata suka ɗauki waƙa. Raƙumin allo ya zo da buhu biyu a doro. Ƙafafun Ƙaramin Kwamiti suka watse daga zama, kowace ta zo da kanta tana daddaɓe ƙasa, har ta hagun da ta aiko da uzuri.

Kawu ya miƙe, rigarsa tana kaɗawa. "Kai! Ku tsaya! Ai ha... ha..."

Ya taɓa maƙogwaro. Maganar tana cikin gora a jikin turke. Ya sake gwadawa, ba ta zo ba. Ya tsaya yana kallon hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu. Can ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa kujera ta riƙe, ya nufo ni.

"Kawo nan, ɗan boko. Haka aka koya muku riƙon shebur? Kamar alƙalami?"

Ya tofa yawu a tafi, ya kama. Wallahi shebur ɗaya na Kawu ya yi uku nawa. Yana yi yana dariya, gumi yana tashi daga goshinsa yana bin yayyafi sama. Ni kuma na koma ɗiban ƙasa da hannu biyu.

Sammako ta fito daga Laraba.

"Saura kaɗan," in ji Malam Rami, muryarsa ta matso kusa, ta yi laushi. "Nan gefen hagu. Yauwa. Alhamdu lillahi. Na ƙoshi."

Ramin ya cike. Rawani kawai ya rage a shimfiɗe a kan ƙasa mai laushi. Mai fura ta janye shi, muka dare gefe biyu, goɗiyar ta wuce ta kan wurin, kofato huɗu, ba ko tuntuɓe. Lurwanu ya waigo yana ihu: "Bawana, aikinka ya yi kyau, na 'yanta ka!"

Saura layin gamawa. Ƙartin nan huɗu sun kusa barga da shi, Gadon Gida har ya miƙo hanci, ya lumshe ido. Sammako ta bar fili ta bi su. Ta tsallake rumfa, ta tsallake teburin akawu, ta tsallake tukunyar kunu. Saura taki ɗaya tsakanin layi da hancin akawal ta sa ƙirji ta tsinke shi.

Abin da ya biyo baya ban iya ba da labarinsa daidai. An ɗaga ni sama, an ɗaga Kawu, an ɗaga shebur. Sai Gobe ya ce shi ma zai yi murna gobe. Akawu ya zo ya cire totuwar gorata, duk ihun da na yi ta yi babu sauti ya fito a lokaci ɗaya: "Rami! Ku tsaya! Lurwanu! Ku kawo ƙasa! Ta ci! Ta ci!" Ƙarar ta firgita yayyafi, ya juyo ya zubo ƙasa. Mutanen garin ba su taɓa ganin ruwa ya sauko daga sama ba. Suka kwance bakin wando suna rawa a ciki.

"Ga ribarka," in ji akawu, ya miƙo mini tsohuwar gorar Kawu.

Na karɓa. Kawu yana kallona, duk jikinsa jar ƙasa.

"Kai yaro, me za ka yi da ita? Tun ina saurayi nake riƙe da ita."

Na tafi da gorar kwanar ƙarshe, yana biye da ni. Na tsuguna a kan wurin da muka cike, na cire totuwa. Maganar ta fito a hankali, ta dudduba, ta ga ƙasa shimfiɗe sumul, ta zauna a kai.

"Haka muka tarar," ta ce.

"A bar ta nan, Kawu," na ce. "Jikokinka za su zo su ɗauka."

Kawu ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki shebur yana kankare sauran ƙasar da ta manne a gefe, ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr.

Ƙarar ba ta tsaya ba har na buɗe ido. Gari ya waye. Maƙwabcinmu Malam Isyaku magini ne yake kwashe yashi a ƙofar gidansa, shebur yana karce siminti. Jawabina mai shafi shida ya zame ya watse a ƙasa. Na yi gyaran murya, na ji tana nan daram. Na tsallake takardun, na fita tsakar gida ba ko takalmi, na leƙa ta kan katanga.

"Malam Isyaku, ina kwana? Shebur nawa gare ka?"

"Lafiya lau, likita. Biyu ne. Lafiya dai?"

"Ara mini duka, da baro. Ɗaya nawa, ɗaya na Kawu."